Ranar da Na Yi Gadin Barcin Yayanku

Na san abin da kuka taso kuna ji daga gidan Baffanku Haruna. Wai a shekarun tashin hankali uwarku ta zauna a zaure cikin samari, har da wanda ba Musulmi ba, ana jefa 'ya'yan lido, alhali mijinta bai daɗe a ƙasa ba. Wai caca. Ban taɓa tanka wa kowa ba, kunnen uwar shegu na yi da su, ina ta taka kekena. Amma yanzu ido ya fara gazawa, zare ma sai an zura mini a allura, kuma ba na so in tafi in bar ku da labarin da wasu suka ɗinka muku a karkace. Zaman zaure gaskiya ne, na zauna. 'Ya'yan lido ma na gan su da idona. Saura abin da ba a gaya muku ba.

Muna gidanmu na Bolewa a lokacin, babanku ya rasu, keken ɗinki ne ke ciyar da mu tare da ɗan albashin yayanku, wanda ya gama karatu ya dawo yana koyar da lissafi. Ke Hajara kina firamare, kai kuma Isiyaku ko wando ba ka iya ɗaurewa da kanka ba. Potiskum ɗin da kuka sani yanzu ba ita ba ce ta wancan lokaci. An hana hawa babur, an sa dokar hana fita, tun la'asar ba ta yi sanyi ba za ka ga mutane suna sauri kamar hadari ya taso. Murfin tukunya in ya faɗi a gidan maƙwabta, sai ka tarar da kanka kwance a ƙasa ba ka san lokacin da ka kwanta ba. Namiji matashi kuwa, fitarsa tashin hankali ce ga uwarsa, dawowarsa kuma sai an yi hamdala. Ni dai tawa hamdalar a ciki nake yin ta, domin yayanku ɗan fari ne. Kun san yadda aka rene mu. Ban taɓa kiran sunansa ba, kakarsa ce ta yaye shi ta riƙe shi a Fika har ya isa shiga makaranta, kuma ko da ya dawo hannuna, "kai" ne sunansa a bakina, in yana nesa kuma "wancan". Ban taɓa dafa kafaɗarsa a gaban mutane ba.

Da yake ba inda za a je, samari sai suka koma zama a zaurukan gidaje. Namu zauren ya samu mutum uku: yayanku, da Modu mai sayar da katin waya, wanda iyayensa 'yan Barno ne, da Bulus, ɗan maƙwabcinmu ma'aikacin gwamnati daga Filato, da suke koyarwa a makaranta ɗaya da yayanku. Bulus ne ya kawo wasan, tun daga jami'a ya koyo shi. Ba allo, ba kati, ba a sa ko sisin kobo. Tabarma ce da tiren shayi da 'ya'yan lido guda biyu. Bulus ya riƙa ba da labari, su kuma kowa da mutuminsa a cikin labarin, ya faɗi abin da mutumin nasa zai yi, a jefa 'ya'yan lido a tire a ga ko ya yi nasara. Kekena yana jikin bangon zauren ta ciki, saboda haka ko ban so ba sai na ji. Wai wani birni ne na zamani mai zuwa, manyan kamfanoni ne ke mulki, talaka ba ya ganin rana saboda dogayen gine-gine, wasu hannunsu na ƙarfe, wasu idonsu na gilashi. Kowa da ɗan rami a ƙeyarsa, in ya cusa waya sai hankalinsa ya bar jikinsa ya shiga wata duniya da ke cikin na'ura. Waccan duniyar suke kira Ciki, wadda aka bar jiki a cikinta kuma Waje. Na sha leƙawa in ce musu:

"Ƙattai da ku, da gemu da komai, kun zauna kuna tatsuniya da rana tsaka. Allah ya shirye ku."

Modu, wanda har yau Hausarsa ba ta raba mace da namiji, sai ya ce:

"Inna, ka zo mu ba ka hannun ƙarfe, ɗinkinka ya yi sauri."

In yi tsaki in koma. Amma a raina ina godiya, domin muddin ina jin ƙarar 'ya'yan lido a tire, na san ɗana yana gida.

Wata safiya yayanku ya fita zuwa makaranta, abu ya tashi kusa da inda yake jiran mota. Ba zan tsaya a kan wannan ba, waɗanda suka rasa nasu sun fi ni cancantar faɗa. Shi ko ƙwarzane bai samu ba, sai dai ya tsaya ya taya ɗaukar mutane. Da ya dawo na ga rigarsa, na miƙa hannu zan karɓa in jiƙa, ya ce a ƙone ta. Ya yi wanka, ya ci abinci, har ya yi wa Isiyaku wasa. Na ce alhamdu lillahi, ashe ban san komai ba tukuna.

Barci ne ya ƙaurace masa. Da farko na ɗauka na kwana biyu ne. Sai na ga ido ya yi jajir, hannu yana rawa har shayi na zuba, in ya zauna kansa ya fara rinjaya sai ya zabura kamar an tsikare shi da allura, ya nufi ƙofa ya manna ido a tsagar ƙyaure. Ya daina zuwa aiki. Aka kai shi asibiti suka ba shi ƙwayoyi, na tarar da su a ƙarƙashin tabarma ba a taɓa ko ɗaya ba. Na ji yana ce wa Bulus:

"In na sha na yi nauyi suka zo, wa zai tashe ni? Wa zai ɗauki yaran nan?"

Rubutu an sha, tofi an yi, hayaƙi har labule ya canja kala. Abin da ya fi tsinka mini zuciya shi ne ya fara zare sakata bayan dokar hana fita ta fara aiki, ya tafi bakin lungu wai zai duba hanya. Saurayi mai jan ido, yana magana shi kaɗai, a tsaye a bakin titi a irin wannan lokaci! Ba mai tsayawa tambayarsa ɗan gidan wa ne. Sau ɗaya baban Bulus ne ya hango shi ta katanga, ya fita da ransa a hannu ya janyo shi. Ni kuwa na koma kwana a bakin ƙofar tsakar gida da mayafina a ɗaure a ƙugu. Tsoro nake ji, tsoron da ban taɓa jin irinsa ba ko ranar da babanku ya cika.

Labari ya kai wa Baffanku Haruna, yayan babanku, wanda shi ne uba a kanku bayan rasuwar. Ya zo ranar wata Laraba, na durƙusa na gaishe shi kamar yadda na saba, kaina a ƙasa. Ya ce ya yanke shawara. Akwai mai magani a wani ƙauye bayan Fika, can za a kai yaron ya zauna har ya dawo hayyacinsa. Ni kuwa na san wurin. Ɗan kawuna ya taɓa zama a can. A turke ake ɗaure su da mari a ƙafa, ya dawo da tabo a idon sawu, kuma har ya mutu in ya ji ƙarar sarƙar awaki sai ya ɓuya a bayan rumbu. Na ce:

"Yaya, a yi haƙuri a ƙara masa lokaci. Ba hauka ba ne, barci ne ya gagara."

"Wanda bai yi barci ba me ya rage masa? Ke kina so a kawo miki gawarsa daga bakin titi ne? Gara in gan shi a ɗaure da rai. Ranar Asabar bayan azahar zan zo da mota."

Ku ji da kyau, Baffanku ba mugu ba ne. Tsoron da ke cina shi ke cin sa. Shi ya ga turke ya ga tsira, ni na ga turke na ga ɗan kawuna.

Duk wannan hali da ake ciki wasan bai tsaya ba, don shi kaɗai ne abin da ke zaunar da yayanku wuri ɗaya. Washegarin zuwan Baffa ina kan keke, ba ɗinkin nake ba, taka shi kawai nake, sai na ji Bulus yana cewa mutumin yayanku ya daɗe a Ciki yana fasa makullan wani kamfani, ya gaji, dole ya kwanta, in ba haka ba duk jifan da zai yi sai an rage masa maki. Yayanku ya ce a rage. Modu ya ce ai sun gaji da ɗaukar nauyinsa, ko'ina suka je shi ke jawo musu asara. Sai na ji muryar yayanku ta tashi, har tire ya yi ƙara:

"In ya yi barci a Ciki, jikinsa fa? Yana Waje a yashe kamar buhu, waya a ƙeya, ko an balle ƙofa ba zai ji ba!"

Bulus ya ce, a hankali, "Ai dokar wasan ta yi tanadi. Mai barci a Ciki sai da mai gadi a Waje."

"Wa ke Waje? Ku duka kuna Ciki tare da ni."

Ƙarar 'ya'yan lido ta tsaya. Ni ma na ɗauke ƙafata daga keke. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san ba zancen mutumin tatsuniya ɗana yake yi ba. Da Bulus ya fito zai tafi na tare shi a bakin ƙofa, na ce ya gaya mini aikin mai gadin nan. Ya ce mai gadi ba ya wasa, ba ya jifa, zama kawai yake kusa da jikin ya riƙe wayar. In haɗari ya zo ya fizge ta, mai barci ya farka nan take. In kuma mai barcin ya firgita alhali ba komai, sai mai gadi ya kira shi ya ce masa lafiya, domin a Ciki ba abin da ke shiga kunne daga Waje sai muryar mai gadi.

"Ya kira shi da me?"

Bulus ya girma a cikinmu, ya san al'adarmu. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Da sunansa, Mama. Haka dokar take." Ya ƙara da cewa, "Amma wasa ne fa, Mama. Ni ba likita ba ne, kada ki ɗora rai."

Na ce masa likitan ma na ga ƙwayoyinsa a ƙarƙashin tabarma. Ranar Asabar su zo da hantsi, shi da Modu.

Daga ranar zuwa Asabar ban san me na ci ba. Ina ta saƙa da warwara. In shiga zaure in zauna cikin 'ya'yan cikina, in riƙe ɗan fari a gaban abokansa? Uwata da tana raye da ta ce na zubar da mutuncin gidanmu. In kuma abin bai yi ba fa, na yi abin kunya a banza, mota kuma ta zo? Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asabar da hantsi, da na ji sun fara, na tura ku gidan su Bulus, na ɗauki wani dogon ƙyalle da ya rage daga zanen wata mata, na gyara mayafi, na ɗaga labulen zaure na shiga. Modu ya miƙe zumbur har ya kusa kifar da tire. Yayanku ya zuba mini jajayen idanun nan yana kallona kamar bai san ni ba. Na zauna a gefen tabarma, na ce ba tare da na dubi kowa ba:

"An ce ana neman mai gadi a Waje. Ga ni. Miƙo hannunka."

Bai miƙo ba. Ni na kamo shi. Rabona da taɓa hannun nan tun yana goye, ga shi ya zama hannun namiji, sai rawa yake. Na ɗaura ƙyallen a wuyan hannunsa, na naɗe ɗaya bakin a nawa. Na ce masa wannan ce wayar, in na ji ko da tari ne da ban yarda da shi ba, zan fizge. Ya ce:

"Inna, za ki gaji ki yi gyangyaɗi."

"Ni? Wa ya taɓa kama ni ina gyangyaɗi a kan aiki? Yi abin da ke gabanka."

Bulus yaro ne mai hankali, Allah ya yi masa albarka a inda yake. Bai ce masa kwanta ba. Ya ci gaba da labari kamar ba abin da ya faru, ya ce mutumin yayanku ya samu wani lungu a Ciki da ba kamfanin da ya san da shi, kuma a can duk ɗakin da mutum ya so shi zai gina da bakinsa. Ya tambaye shi wane irin ɗaki yake so. Yayanku ya ce ɗakin da ba ƙofa ba taga. Bulus ya ce an gina. Yayanku ya ce ƙasar ta zama daɓe irin na ɗakin kakarsa a Fika, da gadon kara. An sa. Sai ya ce a yi ruwan sama, mai ƙarfi, irin wanda ba mai fita a cikinsa. Bulus ya fara kwatanta ruwan, yadda yake sauka, yadda ƙasa ke ƙamshi, muryarsa tana ƙara yin ƙasa. Ya ce saura jifa ɗaya a ga ko barcin zai kama mutumin. Ya jefa. Ni ban san lissafinsu ba, amma na ga fuskar Modu ta canja, na san jifan bai yi kyau ba. Kafin yayanku ya ɗago, Bulus ya kife tafinsa a kan 'ya'yan lidon ya ce:

"Ya kama. Mutuminka ya kwanta."

Yayanku ya ce to bari shi ma ya ɗan kishingiɗa, don ya ji yadda mutumin nasa ke ji. Ya zabura sau biyu, kowane karo ya ja ƙyallen ya ji ni a ɗaya bakin. A na uku bai ja ba. Numfashinsa ya sauka, bakinsa ya ɗan buɗe, hannun da ke rawa ya saki. Wallahi ban yi murna ba a lokacin, tsoro ne ya ƙaru. Kowane motsi na unguwa sai na ji shi a ƙirjina. Modu ya fita sanɗa ba takalmi, ya kori yara daga lungu, ya kama zakaran maƙwabta ya kai shi bayan gida, har mai injin niƙa ya je ya roƙa ya kashe. Ƙafata ta mutu, bayana ya ƙage, ƙuda ya sauka a goshin ɗana ina kallo ban iya kore shi ba don kada ƙyallen ya motsa. Aka kira azahar ina zaune. Na ce Allah ka gani, zan rama.

Sai na ji tsayuwar mota.

Baffanku ya yi sallama ya ɗaga labule, bayansa direba da wasu ƙarti biyu da ban sani ba, ɗaya da igiya tana leƙowa daga aljihunsa. Ku tsaya ku ga abin da ya gani: matar ƙaninsa zaune a tabarma ɗaya da samari, tire da 'ya'yan lido a tsakiya, hannunta ɗaure da na ɗan farinta. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa ganin Baffanku ina zaune ban sauka na durƙusa ba. Ranar ban motsa ba. In na motsa ƙyallen zai ja. Na amsa sallamar da raɗa, na ɗora yatsa a baki. Ya ce, da muryarsa ta kasuwar shanu:

"Me nake gani haka? Caca a gidan marigayi? Ke, ba ki gan ni ba ne?"

Yayanku ya firgita. Jikinsa ya sandare, idonsa a rufe, ya damƙi ƙyallen yana cewa, "Sun zo, sun zo, ɗauki yaran." Na ga yana shirin zabura, kuma na san in ya tashi ya ga baƙin fuska biyu da igiya, shi ke nan, turke ya same shi. Bulus ya dube ni. Harshena ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Na sunkuya daidai kunnensa na ce:

"Sulaimanu. Sulaimanu, ni ce. Ba kowa, lafiya lau. Ina nan Waje, ban fizge ba."

Ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, damƙar ta saki, ya juya ya ba bango fuska. Ni kuma hawaye suka zubo mini, na kunya ne ko na me, har yau ban tantance ba.

Baffanku ya yi salati. Ya ce ashe har kunya ta ƙare a gidan ƙaninsa. Amma ya rage murya, na lura da wannan. Ya ce in tashe shi, hanya za ta rufe, shingaye da yawa kafin Fika. Na ce, kaina a ɗage, abin da ban taɓa yi masa ba:

"Yaya, ka ce wanda bai yi barci ba ba abin da ya rage masa. Ga shi yana barci. Ba zan tashe shi ba, kuma ba mai tashinsa. In igiyar nan sai ta ɗaure wani yau, a fara da ni, ga hannuna ma an rage muku aiki."

Ya tsaya yana kallon yaron. Na rantse na ga idonsa ya kawo ruwa, kuma da mu biyu ne kaɗai a zauren, ina jin da ya zauna ya taya ni gadi. Amma ga direba, ga ƙarti, ga 'ya'yan mutane, duk sun ji mace ta mayar masa da magana tana zaune. Ya gyara hula ya ce:

"Tunda kin zama uba a gidan nan, ki riƙe ubancin. Ni na cire hannuna daga kanki da 'ya'yanki."

Ya saki labule. Na ji motar ta tashi, na bi ƙararta da kunne har ta ɓace, ina addu'a kada ta tashe shi.

Bai farka ba sai da gari ya waye washegari. Bulus da Modu sun tafi kafin doka ta kama su, maman Bulus ta riƙe ku a can, ni na kwana a zaune. Kada ku ɗauka ya warke a rana ɗaya, ƙarya ne in na ce haka. Mun daɗe muna yi, kullum da hantsi, ƙyalle ya tsinke na yanko wani. Daga baya ya yarda ya sha ƙwayoyin asibiti in dai ina riƙe, daga baya kuma ya daina neman a ɗaura, sai dai ya ji ƙarar kekena ta bango. Da abubuwa suka ƙara tsanani iyayen Bulus suka kwashe suka koma Filato, ya zo sallama yana kuka kamar ƙaramin yaro. Yayanku ya koma aji, ya yi aure, ga 'ya'yansa nan kuna gani. Ƙafarsa ba tabo.

Baffanku kuwa ya cika maganarsa. Na aika dattawan unguwa, na je da kaina na durƙusa a ƙofar gidansa, ya ce a ce mini ba ya nan, ina jin tarinsa. Yayanku ya je ya fi a ƙirga, yakan amsa gaisuwarsa amma ba ya zama. Labarin caca ya bazu, wasu matan suka kwashe ɗinkinsu daga wurina. Duk wannan na shanye, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wanda ban iya shanyewa ba naki ne, Hajara. Da aurenki ya zo aka je wa Baffanku ya karɓi waliccinki, ya ce yarinyar ai tana da uba a gida, a je wurin mai keke. Yayanki ne ya zauna a gaban liman ya ba da ke, yaro a cikin dattawa, dangin ango suna tambayar juna ina manyan gidan. Da yamma ina bayan ɗaki ina jera kayanki na ji kina kuka kina ce wa ƙawarki uwarki ce ta raba ku da dangin ubanku saboda taurin kai. Ban shigo ba, na ci gaba da jera kwanuka. Gaskiya kika faɗa, ni ce. Kukan nan naki ina binsa da istigfari har yau, kuma ina roƙonki ki yafe mini shi. Amma ki sani, wanda ya zauna a gaban liman ya ba da ke da hankalinsa da muryarsa, shi ne wanda aka zo ɗauka da igiya. Da na tashi na durƙusa ranar nan, da Baffanki ne zai ba da ke, yayanki kuma ban san inda za mu je mu gaya masa an ɗaura ba.